Tambaya: "friendly" sifa ce ko bayanau? Na jawo wa 'yata jan biro

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga malaman Turanci, amma ku yi haƙuri na fara da labari, don sai kun ji yadda abin ya faru za ku gane inda yake yi mini ciwo.

Shago gare ni a Kantin Kwari, atamfa da leshi da shadda, sari da ɗai-ɗai. Bokona bai yi nisa ba, daga aji uku na sakandare na bi kawuna kasuwa. Da ciniki ya fara haɗa ni da matan Legas da Anacha, ga kuma 'yan China da muke yin oda a wajensu, sai na ga kurman Turanci ba zai kai ni ko'ina ba. Na shiga lesin na bayan magariba, na yi wata shida. A can malamin ya ba mu wata ƙa'ida da na riƙe kamar karatun allo: duk kalmar da ta ƙare da "ly" to adverb ce, abin da malaman Hausa ke kira bayanau. Quickly, slowly, badly. Shekara da shekaru ina kan wannan, ba wanda ya taɓa ƙaryata ni.

To daren Talatar da ta wuce an ɗauke wuta, muna tsakar gida a kan tabarma, 'yata da ke SS1 ta jingina fitilar caji da buta tana aikin gida. Kalma goma aka ba su, kowacce a faɗi ajinta. Na leƙa, sai na ga a gaban friendly da costly da lovely da brotherly ta rubuta adjective, wato sifa. Na ce ke, goge. Ta ce "Baba, Anti fa ta ce..." Na ce Antinku nawa take? Tun ba a haife ki ba na biya kuɗin lesin. Yarinya mai kunya, ta sa biro ta soke huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta abin da na faɗa.

Shekaranjiya na dawo daga kasuwa, aka kawo mini tuwo. A gefen tiren ga littafin a buɗe, an danne shi da cokali don kada shafin ya rufe. Shida bisa goma. Jan biro huɗu, daidai wuraren da na sa baki. Yarinyar ba ta ce uffan ba, uwarta kuwa ina jiyo ta daga kicin tana ta tarin ƙarya don ta ɓoye dariya.

Wannan ya sa na fara zargin sauran Turancina. Kwanaki wata kwastoma 'yar Legas ta turo mini hoton wani leshi ta WhatsApp, na rubuta mata "I am very interesting in this design", ta aiko mini da fuskokin dariya har uku, a lokacin na ɗauka murna take. Kuma kullum ina cewa "this one is more better", ba wanda ya hana ni. Sannan akwai "fast": me ya sa ba a cewa fastly, tunda ana cewa slowly? Don Allah mai sani ya warware mini da Hausa, ta yadda zan iya zama gaban yarinyar nan ban sake jin kunya ba.

Malamar Turanci daga Tarauni:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, yau idan ka tashi daga kasuwa ka tsaya wajen mai tsire, na yarinyar nan daban. Ta san amsa, ta soke ta don girmanka. Ba kowane yaro ke yin haka ba yanzu.

Malaminku bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. Abin dubawa shi ne a jikin me aka liƙa "ly" ɗin. Idan a jikin sifa ne, sai a sami bayanau: quick ta zama quickly, slow ta zama slowly. Idan kuwa a jikin suna ne, sifa ake samu. Friend aboki ne, suna ke nan, to friendly sifa ce. Cost, love, brother, man, coward duk sunaye ne, shi ya sa costly, lovely, brotherly, manly, cowardly suka zama sifofi. Kalmomin lokaci kuma, daily, weekly, monthly, yearly, da early, ƙafa biyu gare su. "A daily newspaper" sifa ce, "the newspaper comes daily" bayanau ne. Akwai ma waɗanda "ly" ɗinsu ba ɗafi ba ne, da shi aka haife su. Family suna ne, July suna ne. Supply da reply da kake rubuta wa 'yan China kullum, ko aikatau ko suna, ba su taɓa zama bayanau ba.

Ni abin da nake koya wa ɗalibaina ba kallon wutsiyar kalma ba ne. Gwada ta ake yi a gurbi, kamar yadda kake ɗora yadi a kafaɗar kwastoma ka ga ko ya karɓe shi. Saka kalmar tsakanin "a" da wani suna: a friendly customer, a costly material. Sun zauna daram. Yanzu ka ce a quickly customer. Kunnenka da kansa zai ƙi. Gwaji na biyu, ka sa ta bayan "is": the lace is costly, ta zauna, the lace is slowly, magana ta tsaya a hanya, mai ji yana jiran ka ƙarasa. Duk wadda ta ci gwajin nan biyu sifa ce. Kuma idan kana so ka ce wani ya yi magana cikin fara'a, ba a cewa he spoke friendly a Turancin jarrabawa, sai an zagaya: he spoke in a friendly way.

Batun fast kuwa, bari na ɗauko maka daga Hausarmu. Rubuta "fara". Mece ce? Ba wanda zai iya faɗa maka sai ya gan ta a jimla. "Fara ta sauka a gona", suna ne, ƙwaron nan da ake soyawa da yaji. "Ya sayi hula fara", sifa ce. "Ruwa ya fara sauka", aikatau ne. Mu a baki karin sauti da tsawon wasali suna raba su, amma a takarda harufa huɗu ne iri ɗaya, kuma ba Bahaushen da ya taɓa ruɗewa. Haka fast take. "Muslims fast in Ramadan", aikatau, yin azumi. "He broke his fast", suna, azumin kansa, daga nan ma breakfast ta fito, ka ga ashe su ma karya kumallo suke cewa. "A fast car", sifa. "He drives fast", bayanau. Tunda ita kanta tana yin aikin bayanau, ba ta bukatar "ly", shi ya sa babu fastly a Turancin yau.

Ka yi hattara da 'yan uwanta biyu, hard da late, don su idan ka ƙara musu "ly" ma'anar ce ke juyewa. "He works hard", yana aiki tuƙuru. "He hardly works", da ƙyar yake taɓuka komai. Ka ga idan yaron shagonka ya nemi ka rubuta masa takardar shaida ka sa ta biyun, ka kashe shi da hannunka kana ganin yabonsa ka yi. "He came late", ya makara. "Lately" kuwa kwanan nan ke nan.

Matar Legas ba murna take ba Alhaji, ka yi haƙuri. Ce mata ka yi kai ne abin sha'awar. A Hausa akwai gajiyayye, akwai mai gajiyarwa. Wanda abin ya faɗa wa shi ke ɗaukar "ed", kamar yadda muke cewa dafaffe, wankakke, ruɗaɗɗe. Abin da ya jawo kuwa shi ke ɗaukar "ing". The design is interesting, kai kuma you are interested in it. Tafiya daga Kano zuwa Legas tiring ce, direba tired ne. Wanda ya fi ba ni dariya a aji shi ne yarinya ta ɗaga hannu ta ce "Ma, I am boring". Sai na ce mata a'a, ba ki kai nan ba, bored dai kike, ni ce boring ɗin.

Saura more better. Tushen matsalar daga Hausa yake, kuma ba laifinka ba ne. Mu ba ma taɓa jikin sifa idan za mu gwada abu biyu, aikatau "fi" muke ɗaukowa mu haɗa da suna: wannan ta fi waccan araha, ta fi ta kyau. Bature kuwa sifar yake taɓawa, ta hanya biyu, kuma ɗaya ake ɗauka. Gajeriyar kalma mai gaɓa ɗaya tana karɓar er da est: cheap, cheaper, cheapest, big, bigger, biggest, a nan ana ninka harafin ƙarshe. Mai gaɓa biyu da ta ƙare da y, y ɗin na komawa i: heavy, heavier, costly, costlier. Doguwa mai gaɓa uku ko fiye sai more da most: more expensive, most beautiful. Better kuwa ta riga ta ɗauki "fi" a cikinta, daga good take: good, better, best, bad, worse, worst. Ƙara mata more kamar ka ce "ta fi fin kyau" ne. Kuma kada ka zubar da er ɗin ka bar than ita kaɗai, "cheap than" ba magana ba ce.

Ɗalibi daga sabuwar BUK:

Baba sannu da ƙoƙari, wallahi labarin cokalin nan ya sa ni dariya a cikin adaidaita har mutane suna kallona.

Malama Allah ya ƙara sani, amma ina da 'yar gardama a kan ƙa'idar suna da sifa. Dead sifa ce, amma deadly ma sifa ce, a deadly disease. Haka sick da sickly, lone da lonely, elder da elderly. Ita ma ƙa'idar tana yoyo ke nan. Gwajin gurbin nan da kika kawo shi ne bai taɓa ba ni kunya ba.

Baba, tunda ƙanwata tana SS1, gara ta fara tun yanzu. A jarrabawar JAMB tambaya 180 ce, 60 daga ciki na Turanci ne, kuma dole ne ga kowa ko me zai karanta. Irin waɗannan ƙananan abubuwan ake ɗana wa mutum tarko da su. Waɗanda na ga sun fi kayar da abokaina: senior, junior, superior, inferior ba sa tafiya da than, da to suke tafiya, domin daga Latin suka zo da gwajinsu a jiki. He is senior to me. This shadda is superior to that one. Sai elder: my elder brother daidai ne, amma he is elder than me kuskure ne, older than me ake cewa. Sai "matured", da kusan kowa a Najeriya ke cewa she is a matured lady. Sifar ita ce mature. Sai economic da economical, ta farko abin da ya shafi tattalin arzikin ƙasa, ta biyu mai tsimi, kamar babur da ba ya shan mai. Advice da c suna ne, advise da s aikatau ne.

Wutsiyar kalma ba ta zama banza gaba ɗaya ba dai. Idan ka ga ful, less, ous, able, ive, galibi sifa ce aka ƙera daga suna ko aikatau: care ta ba da careful da careless, danger ta ba da dangerous, wash ta ba da washable. Da y ma haka, dust ta zama dusty, wadda duk wanda ya yi hunturu a Kano ya san ta. Ful ɗin da l ɗaya ake rubuta ta, beautiful, ba biyu ba. Na taɓa rasa maki a nan.

Mai waya daga Farm Centre:

Alhaji ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Ɗan Chinan da nake oda a wajensa a Guangzhou Turancinsa ya fi nawa karyewa, yana rubuto mini "this more better quality my friend", ina mayar masa da irinta, kwantena tana isowa lafiya. Inyamuran Sabon Gari ma "e cheap pass that one" muke yi da su, ka ga pass ɗin nan ai "fi" ɗinmu ce tsaf. Kuɗi ba ya jin nahawu. Ka dai daina sa hannu a aikin gidan yara kawai.

Malamar Turanci daga Tarauni:

Ɗana na BUK ka yi gaskiya, na karɓi gyara, deadly da 'yan uwanta sun fita daga layin da na ja.

Mai waya, a kan more better ban ja da kai ba, ba wanda zai kasa gane ta, a kasuwa ta wuce. Amma akwai sifofin da ke taɓa aljihu. Priceless ba kyauta take nufi ba, ba kuma marar daraja ba, abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ne. Marar daraja worthless ne. Invaluable ma yabo ne, duk da "in" ɗin da ke gabanta. Sannan cheap kanta, idan ka rubuta ta a talla, Bature da 'yan boko da yawa suna jin ƙamshin ƙaramin kaya a cikinta, shi ya sa masu talla ke gudunta su ce affordable. Wanda ya rubuta "cheap lace" a shafinsa bai yi kuskuren nahawu ba, amma wata hajiyar ta wuce ba ta tsaya ba.

Almajirin zaure daga Ƙofar Wambai:

Assalamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma bayanin Malama ya tuna mini da karatunmu na Ajuruma, littafin nahawun Larabci, a zaure. A can kashi uku kawai aka yi wa magana: ismu, fi'ili, harafi. Sifa ba ta da ɗakin kanta, a cikin ismu take, sai ta bi wani suna tana bayyana shi sannan a kira ta na'atu. Wato su ma malaman nahawu aikin kalma suke dubawa kafin su ba ta suna. Bature ya yi nasa kashi takwas, amma hanyar ganewa ɗaya ce.

Abin da nake so Alhaji ya ji daɗi da shi: a wannan babin Turanci ya fi Larabci da Hausa sauƙi nesa. A Larabci na'atu na bin abin da yake siffantawa a abu huɗu daga cikin goma, i'irabi (wato sauyin wasalin ƙarshen kalma) da adadi da jinsi da kasancewarsa sananne ko ba sananne ba. A Hausa ma sai ka ce farin yadi, farar atamfa, fararen huluna. Sabo, sabuwa, sababbi. Bature white ɗaya gare shi, new ɗaya, ko namiji ko mace ko dubu. Mu ne ma muke kai masa wahalar da ba tasa ba, na sha jin mai wa'azi da Turanci yana cewa "the poors" don yana tunanin talakawa jam'i ne. The poor kawai ake cewa, the rich, the blind.

Har more da er ɗin ma akwai irinsu. Kabir ya zama akbar, hasan ya zama ahsan, wannan shi ne er. Kalmar da ba ta hau wannan ma'aunin ba, kamar launi, sai a ɗauko ashaddu a sa a gaba, a ce ashaddu bayadan, ya fi tsananin fari. Wannan shi ne more. Kuma ba ɗalibin da zai haɗa biyun a gaban malam bai sha harara ba.

Ɗan Kwari:

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri. Allah ya gafarta Malam, ashe abin da na tsallake a zaure shi ya biyo ni har boko. Mai waya, shawararka ta ƙarshe uwargida ta riga ka ba ni ita.

Malama, an kai tsire, na ɗari biyar ɗin ma ba a samu ba yanzu sai da na ƙara. Na zauna na yi mata gwajin "a" da "is" kamar ni na ƙirƙiro, ta saurara har na gama, sannan ta ce ai haka Anti ta koya musu tun zangon farko.

Ga tallar da zan sa a status gobe, a duba mini kafin na sake jawo wa kaina: "Swiss new beautiful lace available. More cheaper than last month. The colour is not fading."

Malamar Turanci daga Tarauni:

Alhaji an kusa. Idan sifofi suka taru a gaban suna ɗaya, layi suke bi kamar sahun salla: ra'ayinka a gaba, sai girma, sai shekaru, sai siffar jiki, sai launi, sai ƙasar da abu ya fito, sai abin da aka yi shi da shi. Don haka beautiful new Swiss lace. Da jaka ce ta Kurmi sai ka ce a small red leather bag, ba a leather red small bag ba. Yawancin Turawa ba za su iya jero maka wannan layin ba, amma da ka saɓa shi kunnensu zai kama.

More cheaper kuma, ka ga ta sake dawowa ta bayan gida. Cire more. Ta ƙarshen ka ce the colour does not fade, tunda halin leshin kake faɗa, ba abin da yake yi a wannan minti ba. Idan kana son kalma ɗaya da 'yan masaƙa ke amfani da ita ga rinin da ba ya zuba ba ya koɗewa, ita ce colourfast. Ga fast ɗinka ta sake fitowa da wata rigar, a nan ma'anarta abin da ya kama ya riƙe gam.

Ɗan Kwari:

Na gyara, na sa. Matar Legas ma na rubuta mata "I am interested", wannan karon babban yatsa ɗaya ta turo.

Yanzu kuma 'yar tawa ta ba ni nawa aikin gidan a bayan wata tsohuwar rasit: kalmar "well" a jimla huɗu, kowacce ajinta daban. Na samo ta rijiya, na samo ta "I am well" da ake amsa gaisuwa da ita. Don Allah kada wanda ya faɗa mini sauran biyun, zuwa Juma'a ta ba ni, kuma na ga ta ari jan biro a wajen yayanta.